Shirun Hajiya a Hanyar Sukhna

Tun da na dawo daga Masar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Wannan ya tambaye ni dalar Fir'auna, wancan ya tambaye ni Kogin Nilu, Malam Garba na lissafi kuma kullum tambayarsa ɗaya ce, wai da gaske ne a kan keke ake ɗaukar burodinsu, a ka, ba rufi. Dala dai na gan ta ta tagar tasi, daga nesa, daidai girman da take da shi a littafin tarihi na aji biyu. Abin da na ƙare wa kallo har na haddace shi wani yanki ne na bakin titi tsakanin Alƙahira da Bahar Maliya, wanda ba komai a cikinsa sai tsakuwa da wata yagaggiyar taya. Labarinsa zan rubuta muku, in huta da maimaitawa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Surukata, mahaifiyar matata Saratu, ta shekara biyu tana fama da ciwon baya, ga ciwon sukari da ta daɗe da shi, likitoci suka ce sai aiki. Ɗanta Nuhu yana digiri na biyu a Alƙahira, da matarsa da ɗansu, shi ya nemo asibiti. Saura ɗan rakiya. Saratu na da tsohon ciki, jirgi ba zai ɗauke ta ba. Dangi suka zauna suka duba wa ke da dogon hutu kuma yake jin Larabci, ido ya faɗo kaina. Shekara goma sha tara ina koyar da nahawu a sakandare, ba wanda ya taɓa neman Larabcina don wani amfani sai ranar.

Abin da dangi ba su auna ba shi ne, shekara goma sha shida da aurena, ni da Hajiya ba mu taɓa magana baki da baki ba. In na je gaisuwa a bakin ƙofa nake durƙusawa, in gaida labule, labule ya amsa. Ba ta kiran sunana, ba na kiran nata, a nan ma ba zan rubuta shi ba. Ba ta cin abinci in ina wurin, ko ruwa ba ta kurɓa. In tana da saƙo sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "A gaya wa Malaminku." Na san abin da littattafan fiƙihu suka ce, muharramata ce, matsayin uwa gare ta, na karantar da babin ba sau ɗaya ba. Amma littafi daban, tsakar gida daban, kuma a Katsina tsakar gida ke cin zaɓe.

A filin jirgin Kano aka ba mu kujeru biyu manne da juna. Na bi layi ina roƙo har Allah ya haɗa ni da wata 'yar kasuwa mai zuwa saro abaya, muka yi musaya, ta zauna kusa da Hajiya, ni na koma can baya kusa da banɗaki. Ita ta zame mana tafinta har muka sauka, tsakanin Hausa da Hausa.

A wurin duba fasfo ta ɓace mana. Wani ma'aikaci ya turo Hajiya a keken marasa lafiya, ni ina gefe riƙe da takardu. Jami'in ya tambayi kwana nawa za ta yi. Na ɗaga kai na dubi silin na ce ana tambayar Hajiya kwana nawa za a yi. Hajiya ta juya ga mai tura keken, wanda bai san ko "zo" da Hausa ba, ta ce a ce masa sai yadda Allah ya yi. Jami'in ya dube ni, ya dube ta, ya tambaye ni ko faɗa muka yi a jirgi. Na yi masa bayani da tsantsar Larabcin littafi, da wasullansa cif, cewa mahaifiyar matata ce. Ya kira abokin aikinsa ya ce in sake, wai ina magana kamar mai karanta labarai. Sannan ya buga hatimi ya ce "ma'alish", wato in yi haƙuri, da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya.

An kama wa Hajiya gida a hawan ƙasa a unguwar Dokki, kusa da asibitin, matar Nuhu ta tare can don jinya. Ni aka ajiye ni a ɗakin Nuhu a Darrasa, hawa na biyar, ba lif, tsakanin littattafai da tukunyar gas. Unguwa ce ta ɗalibai da masu sayar da littafi, in ka tsaya minti biyar a bakin layi sai ka ji Hausar Kano, ka ji ta Damagaram, duk an yayyafa musu "yalla" da "khalas" kamar yaji. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda matan benen ke saye: su ɗaura kwando da igiya su zuro daga taga, mai kaya ya sa, su ja. Ba mai ganin wani. Na ce wa Nuhu da Hajiya ta ga wannan hikimar da tuni ta sa an ɗaura mana ɗaya tsakaninmu. Nuhu, da yake ƙanin mata ne kuma akwai wasa, ya ce ai igiyar ma sai an samo wanda zai riƙe mata, don ba za ta taɓa abin da na taɓa ba.

Abinci kuwa, safe wake, rana wake, in an gaji a daka waken a soya. Akwai wani da suke kira koshari, shinkafa da taliya da wasu ƙwayoyi a kwano ɗaya, kamar an share kicin an zuba. Na ci, ban mutu ba. Wani mai sayar da littafi da muka saba, ranar da na iske shi yana cin abinci, ya ce in zauna, surukata na ƙaunata. Na tsorata, na zaci wani ya kai masa labari. Ashe haka suke ce wa duk wanda ya zo a kan abinci. Shi kansa da surukarsa yake ci, faranti ɗaya, tana tura masa nama tana zaginsa da ramewa. Na kalle su kamar yadda ake kallon masu wasa da kura.

An yi aikin lafiya. Likita ya kafa sharuɗɗa biyu: kada ta daɗe a zaune, kwanciya ta fi, kuma duk safiyar da aka yi mata allurar sukari lallai ta ci abinci a kai. Saura mako guda mu dawo sai saƙo ya iso ta bakin Nuhu, wai Hajiya ba za ta bar Masar ba ta ga ruwan da ya ci Fir'auna ba. Na aika da amsa mai tsari, cewa malaman tafsiri sun yi saɓani a kan ainihin wurin. Amsa ta dawo: "A gaya wa Malaminku ruwa dai ruwa ne."

A nan Alhaji Ilu ya shigo. Mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a Alƙahira yana sama wa masu zuwa jinya gidajen haya, shi ya samo na Dokki. Wani Bature da zai bar unguwar Ma'adi ya sayar masa da karafan, wato ɗaki mai taya da ake ɗaura wa mota a baya a ja, da gado a ciki da taga da labule da fanka. Tun da ya saye shi bai sami inda zai kai shi ba. Ya ce Hajiya ta kwanta a ciki, matar Nuhu ta zauna da ita, mu uku mu zauna a mota, tafiyar awa biyu ce zuwa Sukhna, wani gari a bakin Bahar Maliya. Na tambaye shi in mota ta lalace a hamada fa. Ya zaro wani kati daga aljihu ya kaɗa. Na wani kamfanin agajin hanya ne, ana biyan su shekara-shekara, su kuma su turo janwe duk inda ka tsaya.

"Bon, Malam, ko ƙusa ce ta huda mu, waya ɗaya ce," in ji shi.

Ya kuma faɗa mana, a taƙaice kamar mai faɗin farashin albasa, cewa doka ba ta yarda mutum ya zauna cikin karafan ana tafiya ba, amma in an ja labule wa ya sani. Ya kamata in ƙi. Ban ƙi ba, kuma zan faɗi dalili: ɗaki ne mai ƙofa, Hajiya na ciki ina waje, kamar a gida. In ba shi ba, sai ta miƙe a kujerar baya ni ina gaba, taku ɗaya tsakaninmu, awa biyu. Ni da ita, kowa a ransa, mun gwammace karya dokar Masar.

Ranar tafiyar ɗan Nuhu ya tashi da zazzaɓi, uwarsa ta ce ba za ta je ba. Ta yi wa Hajiya allura, ta zuba kunu a fulas da ƙosai a kula, aka sa a but ɗin mota. Alhaji na ta "yalla, yalla" don mu riga rana, Hajiya ta ce za ta ci in an tsaya a hanya. Mun tsaya kuwa, a wani gidan mai bayan an wuce ƙofar biyan kuɗin titi. Nuhu ya buɗe ƙofar karafan da fulas a hannu. Ni kuma, don ladabi, na matso na tsaya daga gefe na yi gyaran murya, in nuna ina nan in ana bukata. Na ji Hajiya ta ce, "Anjima." Nuhu ya mai da fulas but. Ban gane abin da na yi ba sai daga baya.

Mun yi nisa, gari ya ƙare, ba gida ba bishiya, sai manyan motoci na wuce mu, sai allurar zafin inji ta fara hawa. Motar Alhaji ƙarama ce, an yi ta don ɗaukar mutum huɗu da cefane, ba don jan ɗaki ba. Muka ji wani "fus", tururi ya rufe gilashi. Tiyon lagireto ya fashe, kuma daga irin ƙarar da inji ya yi kafin ya mutu, Alhaji ya ce abin ya wuce tiyo.

Waya ɗaya ɗin ta zama huɗu. Aka ce rubu'in awa, wanda na riga na koyi cewa a Masar ba lokaci ba ne, fata ne. Bayan awa guda janwe ya iso, irin mai shimfiɗa a baya da ake ɗora mota. Direban ya sauko da takarda, ya zaga motar, ya zaga karafan, ya ce shi mota ɗaya aka rubuta masa. Katin Alhaji na mota ne, abin da ke bayanta sai an buɗe masa wata takardar, kuma sai doguwar mota, wadda ba su da ita da yawa. Sannan ya ƙwanƙwasa jikin karafan da biro ya tambaya ko akwai wani abu a ciki.

"Kaya ne kawai," Alhaji ya ce, tun kafin ya rufe baki.

Na ji, Nuhu ya ji, ba wanda ya gyara masa. Direban ya rubuta. Ya ce tamam, shi ke nan, tunda kaya ne, za a sa shi a layi, kaya ba ya gudu.

Gaban janwe mutum biyu yake ɗauka bayan direba. Alhaji dole ya bi, don mai kati ke sa hannu a gareji. Nuhu kuma takardar zamansa tana wurin sabuntawa, rasit kawai ke aljihunsa, kuma duk mun san motar sintiri ba za ta wuce karafan a bakin titi ba ta tsaya ba. Aka tsara su biyun su je, su ɗauko hayar ƙaramar bas daga gareji, rabin awa sun dawo. Ni na kawo shawarar, da hujjoji uku a jere. Nuhu ya je taga ya yi wa uwarsa bayani a hankali, ta ce a je a dawo. Aka kwance karafan, aka tokare shi da duwatsu, aka ja motar sama. Ina tsaye ina kallo har suka zama ɗigo, sannan na lura da shirun. Fanka ta tsaya. Batirin karafan ya daɗe da mutuwa, da batirin mota Alhaji ya haɗa ta.

Na zauna a 'yar inuwar da ɗakin ya bayar, faɗinta bai fi tabarmar sallah ba, kuma tana raguwa. Na yi gyaran murya na ce ana yi wa Hajiya sannu da zafi. Daga ciki aka ce "sannu", ba a ce da wa ba. Ina jin ƙarar carbinta ta bango, ƙwaya bayan ƙwaya, hankalina ya ɗan kwanta. Na taɓa jikin karafan, na janye hannu, kamar murfin tukunya. Rabin awa ta wuce. Na ƙidaya tireloli, na bari. Ban san lokacin da carbin ya tsaya ba, na dai farga ba na jin sa.

Na sake gaisuwa. Shiru.

To ga inda matsalar take, ku da kuke tambayar dala. Shekara goma sha shida shiru shi ne rabin maganar da ke tsakanina da Hajiya. In na gaishe ta sau biyu a zama ɗaya, ba ta amsa na biyun, don amsawa hira ce, kuma ba ta hira da ni. Shirun nan zai iya zama na kunya, zai iya zama na barci, zai iya zama wanda ba na son ambata. Daga waje duk iri ɗaya ne. In na buɗe ƙofa na same ta lafiya, kwance, ba mayafi, na rusa abin da ta gina tun ranar ɗaurin aurena, kuma ba ya gyaruwa. In ban buɗe ba, ban san me nake zaune a gadi ba.

Na kira Nuhu. Da ƙyar ta shiga. Ya ce ba su ko kai gareji ba, direban ya tsaya ɗaura wata motar a baya, wai ita ma a kan hanyarsa take, haka suke aiki. Na ce Hajiya ta yi shiru. Ya ce bari ya kira ta. Na tsaya ina jin wayarta tana ringi ta cikin bango, kusa da kunnena, har ta katse. Ta sake, ta katse. Nuhu ya dawo kaina, muryarsa ta canza.

"Malam, kular tana wurinka?"

"Tana but."

Tun safe an yi mata allura, ba ta sa komai a ciki ba, kuma ni ne gyaran muryar da ya hana.

"Malam, ka shiga," ya ce. "Don Allah ka shiga."

Na ce to. Na kashe waya. Na kama hannun ƙofa, na sake shi. Na gaya wa kaina ko na shiga ba abin da zan ba ta, aljihuna daga fasfo sai biro, gara in fara nemo taimako. Gaskiya ne, amma ba don gaskiyar na faɗa ba.

A jikin ƙofar akwai takardar kamfanin agajin da lambarsu. Wata mata ta ɗauka. Ta nemi lambar kati, ba ni da ita. Ta nemi lambar mota, motar ta tafi. Ta tambayi a kilomita nawa nake, na duba gabas da yamma na ce ina kusa da wata taya. Daga ƙarshe ta gano mu da sunan Alhaji, ta ce e, an rubuta karafan ɗaya, kaya, yana layi, wataƙila bayan la'asar. Na ce ba kaya ba ne. Na ce akwai tsohuwa a ciki, mai ciwon sukari, an yi mata aiki a baya, kuma ta daina amsawa.

Sai ta bar Larabcin kasuwa ta koma irin nawa, a hankali, kamar mai yi wa ɗan aji ɗaya shifta.

"Ya ustaz, an ce mana kaya."

"Ƙarya muka yi."

Ba ta tsaya faɗa ba. Ta koya mini yadda zan tura mata inda nake ta waya, ta ce za ta kira motar asibiti, ta kuma ciro mu daga layi. Ta ce a buɗe tagogi, in tana iya haɗiya a ba ta wani abu mai zaƙi yanzu, kada a jira kowa. Sannan ta tambaya ko numfashinta daidai yake. Na ce ban gani ba, ina waje.

"Me kake yi a waje?"

Na kashe waya.

Na cire hula na tsaya a bakin kwalta ina kaɗawa. Ƙananan motoci suka wuce kamar ba su ga mutum ba, ban kuma ga laifinsu ba. Wata tirela mai ɗauke da duwatsun gini ta wuce, iskarta ta kusa kayar da ni, can gaba na ji birki na kuka. Ta dawo da baya a hankali a gefen titi. Direban ya sauko, ƙaton mutum mai furfura da doguwar riga da rawani, mutumin kudancin ƙasar. Ya ce sunansa Ragab. Na ce sukari, tsohuwa, ciki. Wannan karon ban sa wasali ko ɗaya ba, ya kuwa gane nan take. Ya buɗe wani akwati a ƙarƙashin tirelar, inda direbobinsu ke ajiye risho da kayan shayi, ya zuba sukari cokali huɗu a kofi, ya tsiyaya ruwa daga jarka, yana juyawa yana tafiya. Na bi shi a baya da wani irin sauƙi a raina wanda nake jin kunyarsa har yau. Na zaci shi zai shiga.

A bakin ƙofa ya ja ya tsaya. Ya ce mace a kwance, shi baƙo, a garinsu ba a yi. Ya tambayi wace ce ita a wurina. Na ce mahaifiyar matata.

"To ai uwarka ce, ya ustaz," ya ce, ya danna mini kofin a hannu. "Me kake jira?"

Al'adarsa ta tsaya a ƙofa, tawa ta tsaya a ƙofa, kofi ɗaya ne. Na cire takalma. Na yi sallama, ba a amsa ba, na shiga.

Zafin ciki ya buge ni a fuska kamar an buɗe tanda. Tana kwance rigingine, carbin ya faɗi ƙasa, gumi ya jiƙa matashin, leɓɓanta na motsi ba sauti. Ɗankwalinta ya zame. Ban taɓa sanin gashinta ya yi fari haka ba, don ban taɓa sanin komai game da shi ba. Abu na farko da na yi, kuma ba na alfahari da shi, shi ne na ja mayafi na rufe mata kai. Sannan na durƙusa, na sa hannu ƙarƙashin wuyanta, ina tuna gargaɗin likita a kan bayan, na ɗaga kaɗan. Fatarta sanyi ƙalau cikin wannan zafin.

"Hajiya," na ce. "Hajiya, ki sha."

Rabin kurɓin farko ya bi gefen baki. Na biyun na ga maƙogwaronta ya motsa. Na ci gaba, kaɗan-kaɗan. Ragab ya sake cika kofin ya miƙo ta ƙofa, fuskarsa na kallon titi. Wajen tsakiyar kofi na biyun ta buɗe ido. Ta dube ni sosai, daga kusa, ta gane ni sarai. Sai ta mai da idon ta rufe, ta shanye sauran a haka.

Na mai da kanta kan matashi. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, tana fuskantar silin, "A buɗe taga."

Na buɗe duka biyun, na fita da baya.

Sauran duk hayaniya ce. Motar asibiti ta zo, suka auna ta, suka ce ta tsallake, amma su za su mai da ita Alƙahira, a kwance, bisa doka wannan karon. Motar sintiri ta tsaya kamar yadda muka zata, aka duba fasfona aka yi mini tambayoyin da na amsa da gaskiya, tunda na riga na fara. Doguwar motar da aka ce sai bayan la'asar ta iso kafin azahar ta fita. Nuhu da Alhaji suka sauko daga bas, Nuhu ya wuce ni a guje bai ko gan ni ba. Alhaji ya sha faɗa a wurin 'yan sintiri, ya sha a wurin kamfani, suka soke katinsa, ya yi kwana biyu ba ya amsa sallamata, a na uku ya aiko mini da koshari. Ragab kuwa ya wanke kofinsa, ya ƙi karɓar komai, ya ce duwatsunsa na jira. Ruwan da ya ci Fir'auna dai ba mu gan shi ba. Hajiya ba ta sake tambaya ba, ni ma ban sake kawo saɓanin malamai ba.

A jirgin dawowa na sake musayar kujera. Ba abin da ya canza, kuma ban so ya canza ba.

Kwana uku da isowarmu na je gaisuwa. Na durƙusa a inda na saba, bayan labule. Ɗakin cike da mata 'yan sannu da zuwa, Saratu na cikinsu, Hajiya na ba su labarin hanya. Ta ce ta ga mutuwa da idonta a cikin wani akwati. Ta ce Allah ya jefo wani direban babbar mota, Balarabe, bawan Allah, ya shigo ya rufe mata kai, ya ɗaga ta ya ba ta ruwan sukari. Matan suka yi salati. Don haka in labarin nan ya fita daga ɗakin malamai ya isa unguwarsu, wanda ya kai shi ya san nata ne ingantacce, nawa mai rauni.

Sai ta shiga yi wa direban addu'a. Ta roƙa masa lafiya, ta roƙa wa iyayensa gafara, ta roƙi Allah ya sauki iyalinsa lafiya, ya raya abin da za a haifa masa. Mata na ta amin. Ta ce Allah ya sa ɗalibansa su ji maganarsa.

"Hajiya, direba da ɗalibai?" in ji Saratu.

"Ke dai ki ce amin."

Saratu ta ce amin. Ni ma, daga bayan labule, na ce amin.